Ƙungiyar jami'a da ke tsaka-tsaki: tambayoyi da amsoshi kan damarta a gasar ƙwallon kwando ta watan Maris a Amurka

A ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka, manya irin su Duke da Kansas yawanci tun watan Janairu sun san suna cikin gasar ƙasa ta NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in ƙasar, lambar matsayin da za a ba su kawai suke jira. Na can ƙasa ma sun san matsayinsu. Masu kwana da fargaba su ne na tsakiya, waɗanda suka ci wasa 18 ko 20, suka sha kashi 12 ko 13. Amsoshin nan kan gasar maza suke, kuma akasarin misalan daga NC State na ɗauko su, wato jami'ar da ke birnin Raleigh a jihar Karolina ta Arewa, domin tsakanin 2019 da 2025 babu irin halin da ƙungiyar tsaka-tsaki ke shiga wanda ba ta ɗanɗana ba.

Ƙungiyoyi nawa ake ɗauka, kuma ta wace hanya ake shiga?

Jami'o'in da ke babban mataki, wanda ake kira Division I, sun haura 360. Da ƙungiyoyi 8 aka fara gasar a 1939, ta kai 64 a 1985, sannan a 2011 aka mayar da ita 68. Sili ɗaya ƙwale ake bugawa: da an doke ka, ka tattara kayanka.

Ƙofa biyu ce. Kowace jami'a tana cikin wani rukuni, kamar ACC ko SEC ko Big Ten, kuma a ƙarshen kaka kowane rukuni yana yin ɗan gajeren kofinsa. Wanda ya ɗauki wannan kofi ya samu tikiti kai tsaye, ko da kakarsa ba ta yi kyau ba. Sauran guraben kuwa kwamiti mai mutum 12 ne ke raba su. A 2025 tikitin kai tsaye 31 ne, na gayyata 37. Ga wanda ya saba da ƙwallon ƙafa, ya ɗauka an ce a Ingila wanda ya ci kofin FA ne kaɗai ke da tabbacin zuwa Gasar Zakarun Turai, wanda ya ɗauki Firimiya ma sai kwamiti ya zauna a kansa.

Me kwamitin yake dubawa?

Tambaya biyu yake yi wa kowace ƙungiya: wa kika doke, kuma a ina? Tun kakar 2018-19 hukumar NCAA take amfani da wani jeri da ake kira NET, wanda ya maye gurbin tsohon ma'aunin RPI da aka yi aiki da shi tun 1981. Kwamfuta ce ke fitar da shi. Tana haɗa sakamakon wasa, da ƙarfin abokin karawa, da filin da aka buga, da yawan makin da ƙungiya ke ci da wanda ake cinta a duk lokacin da ƙwallo ta shiga hannu.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne, ba lambarka a NET ake bi a jere a ɗauki na sama ba. Amfaninta mafi girma shi ne auna abokan karawarka. Da ita ake kasa wasanninka aji huɗu. Wasa yana shiga aji na ɗaya idan ka karɓi baƙuncin ƙungiyar da ke tsakanin lamba 1 da 30, ko kuka haɗu da ta 1 zuwa 50 a filin 'yan ba-ruwanmu, ko ka bi ta 1 zuwa 75 har gidanta. Aji na biyu shi ne 31 zuwa 75 a gida, 51 zuwa 100 a filin 'yan ba-ruwanmu, 76 zuwa 135 a waje. Abin da ya yi ƙasa da haka ya faɗa aji na uku da na huɗu, inda nasara ba ta ƙara maka komai, rashin nasara kuma tabo ce da ba ta gogewa har Maris.

Ka lura da yadda aka faɗaɗa ma'aunin wasan waje. Doke ƙungiya ta 70 a gidanta daidai yake a aji da doke ta 25 a gidanka. Shi ya sa ƙungiyar da ke cin kowa a gaban magoya bayanta, amma ta kasa kataɓus da zarar ta hau jirgi, take shan wahala a gaban kwamiti.

A takardar kowace ƙungiya akwai kuma wasu ma'aunai da ba na hukumar ba, kamar KenPom da BPI, masu hasashen ƙarfin ƙungiya. Daga kakar 2024-25 an ƙara wani da ke tambayar wasa nawa wata ƙungiya ta bakin gaɓa za ta ci da a ce ita aka ba jadawalinka. A ganina wannan ne mafi gaskiya a cikinsu ga ƙungiyar tsaka-tsaki, tunda bai damu da tazarar makin da ka ba rarrauna ba.

Ashe nasara 20 ba ta wadatar?

Da can ana cewa ta wadatar, yanzu zance ne kawai. A 2019 NC State ta isa ranar zaɓe, wato ranar da kwamiti ke sanar da ƙungiyoyin da aka ɗauka, da nasara 22 da rashin nasara 11, ta yi 9 da 9 a rukunin ACC, tana lamba 33 a NET. A watan Disamba ta doke Auburn, wadda daga baya ta kai wasan kusa da na ƙarshe a shekarar. Duk da haka aka bar ta a gida. Laifinta jadawalin da ta zaɓar wa kanta a wajen rukuni: cikin ƙungiyoyi 353 na lokacin, nata ne aka auna mafi rauni. Ga kuma ranar nan ta watan Fabrairu da Virginia Tech ta je har Raleigh ta doke ta 47 da 24, wato maki 24 kacal a minti 40.

A 2025 kuwa Texas ta samu gayyata da rashin nasara 15, bayan ta ci wasa 6 kawai cikin 18 a rukunin SEC, saboda kusan duk wanda ya doke ta babba ne, ita ma ta kayar da wasu manyan.

To ƙungiya ce ke zaɓar waɗanda za ta kara da su?

Wani ɓangare. Wasannin rukuni dole ne, su ne ke cinye Janairu da Fabrairu. Na Nuwamba da Disamba kuwa koci da shugaban sashen wasanni ne ke ƙulla su, wani lokaci shekara guda ko fiye kafin a buga. Manyan jami'o'i sukan biya ƙanana kuɗi su zo gidansu a doke su. Koci mai tsoron kora yana son irin wannan, domin alƙaluman nasara suna kyau a ido. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya ƙi haɗuwa da manya a Nuwamba, idan Maris ya zo ba shi da abin nunawa, kuma ba a komawa baya a gyara.

Idan Fabrairu ya ƙare takardar ƙungiya ba ta da kyau, shi ke nan?

Saura ƙofa ɗaya, kofin rukuni, kuma a nan ne kowa ke kawo labarin NC State ta 2024. Ta ƙare kaka da nasara 17 da rashin nasara 14, ta sha kashi a wasanni huɗu na ƙarshe a jere, ta zo ta 10 a ACC. Babu mai maganar gayyata, maganar da ake yi ita ce ko koci Kevin Keatts zai kai bantensa. Matsayi na 10 yana nufin sai ta fara tun ranar Talata, ta buga wasa biyar cikin kwana biyar a birnin Washinton, alhali manyan rukunin suna hutawa har Alhamis.

Ta doke Louisville, ta doke Syracuse, ta fitar da Duke 74 da 69. Daren Juma'a ta haɗu da Virginia. Saura daƙiƙa biyar da 'yan kai, Virginia tana gaba 58 da 55, kuma ɗan wasanta ne a layin jifan kyauta. Da ya jefa ta shiga, an gama. Ta bugi ƙarfe ta fito. Ƙwallo ta isa hannun Michael O'Connell, ya ruga da ita ta gefen hagu, ya sake ta daga nesa yana ƙoƙarin kauce wa mai tsaronsa. Ta bugi allo, ta zagaya bakin ƙarfen, ta faɗa ciki daidai da ƙarar tashi. A ƙarin lokaci NC State ta ci 73 da 65. Washegari ta doke North Carolina 84 da 76, ta ɗauki kofin ACC karon farko tun 1987.

Wani abu da ya ja hankalin Musulmi masu kallo: makon ya faɗo a farkon watan Ramadan, kuma Mohamed Diarra, dogon ɗan wasan NC State ɗan ƙasar Faransa, yana azumi. Duk da haka ya cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando sau 60 a wasannin biyar, abin da ba a taɓa yi ba a kofin ACC.

Labari ne mai daɗi, amma kada wani ya mayar da shi tsari. Jifan kyauta ɗaya ne ya raba NC State da zaman gida. UConn ta yi irin wannan a 2011 da Kemba Walker, Georgia ta yi a 2008 har da cin wasa biyu a rana ɗaya bayan guguwa ta lalata rufin filin da ake gasar a Atlanta, Georgetown da Oregon State sun yi a 2021. Ana tuna su ne saboda ba su da yawa.

Idan irin wannan ta shigo ba zato, wa ke rasa gurbi?

Wata ƙungiyar tsaka-tsaki da ke zaune a ɗakin otal tana kallo a talabijin. Lissafin a fili yake: North Carolina da aka doke a wasan ƙarshe ba za a bar ta a gida ba, za ta karɓi ɗaya daga cikin guraben gayyata, don haka na ƙarshe a layi ya faɗo. A 2024 abin ya yi muni, domin bayan NC State, Oregon da Duquesne da UAB duk sun ɗauki kofin rukunansu ba tare da an sa rai ba. Huɗun farko da aka bari a waje su ne Oklahoma, Seton Hall, Indiana State da Pittsburgh. Saboda haka a makon ƙarshe za ka ga mai goyon bayan ƙungiyar tsaka-tsaki yana yi wa babbar ƙungiyar wani rukuni da bai taɓa kallo ba addu'ar nasara.

Ana yi wa ƙananan rukunoni adalci?

Ni dai ban gani ba. Ɗauki Indiana State ta 2024: nasara 28, rashin nasara 6, ta zo ta ɗaya a rukunin Missouri Valley, tana cikin talatin na farko a NET, sai Drake ta doke ta a wasan ƙarshe na kofin rukuni. Hujjar barinta ita ce ba ta da isassun nasarorin aji na ɗaya. To ina za ta same su? Rukuninta ba shi da manya da yawa, manyan waje kuma ba sa yarda su je garin Terre Haute, don ba su da ribar da za su ci idan sun yi nasara. A shekarar aka ɗauki Virginia, ta je ta ci maki 42 kacal, Colorado State ta lallasa ta 67 da 42.

Ƙungiyar tsaka-tsaki a babban rukuni kuwa tana samun damar aji na ɗaya kusan kowane mako. A 2025 rukunin SEC shi kaɗai ya kai ƙungiyoyi 14 cikin 16 da yake da su, ya wuce tarihin 11 da Big East ta kafa a 2011.

Ko tsakanin manyan ma rigima ba ta ƙarewa. A 2025 North Carolina ce ta ƙarshe da aka ɗauka, da nasara 1 cikin wasa 13 na aji na ɗaya, aka bar West Virginia mai nasara 6 a wannan aji. Shugaban kwamitin a shekarar shi ne Bubba Cunningham, shugaban sashen wasanni na North Carolina ɗin. Ƙa'ida ta ce ya fita daga ɗaki duk lokacin da ake maganar jami'arsa, ya kuma ce ya fita, amma hakan bai hana gwamnan West Virginia, Patrick Morrisey, kiran 'yan jarida ya yi tir da hukuncin ba.

Mene ne zuwa Dayton?

Huɗun ƙarshe da aka gayyata, da huɗu mafi rauni cikin masu tikitin kai tsaye, sukan fara buga wasan share fage ranar Talata da Laraba a birnin Dayton na jihar Ohio, don a rage 68 zuwa 64. Gajiya ce, amma ba hukuncin kisa ba ne. VCU ta koci Shaka Smart ta taso daga nan a 2011, masu sharhi suna cewa ba ta cancanci shiga ba, ta doke USC, Georgetown, Purdue, Florida State da Kansas har ta kai wasan kusa da na ƙarshe, wato huɗun ƙarshe na gasar. UCLA ta maimaita a 2021, shekarar da annobar korona ta sa aka buga duk gasar a jihar Indiana.

Idan ta shiga, iya ina za ta iya kaiwa?

An kasa gasar shiyya huɗu, kowace da lamba 1 zuwa 16, inda lamba 1 ce mafi ƙarfi. Ƙungiyar tsaka-tsaki yawanci tsakanin 8 da 12 take faɗowa. Abin mamaki, lamba 10 ko 11 ta fi 8 ko 9 daɗin hanya, domin mai lamba 8 ko 9 da ta ci wasan farko kusan kullum mai lamba 1 ce ke jiranta a zagaye na biyu.

Zuwa 2025, masu lamba 11 sun kai huɗun ƙarshe sau shida: LSU a 1986, George Mason a 2006, VCU a 2011, Loyola ta Chicago a 2018, UCLA a 2021, da NC State a 2024. Ita NC State ta doke Texas Tech, Oakland, Marquette, ta sake fitar da Duke 76 da 64, ƙaton ɗan wasanta DJ Burns yana tura masu tsaronsa da baya sannu a hankali har ƙarƙashin kwando. Purdue ta tsayar da ita 63 da 50. Duk shidan a nan suka tsaya. Mafi ƙasƙancin lambar da ta taɓa ɗaukar kofi ita ce 8, Villanova a 1985.

Akwai tsohon labari da ya shafi Najeriya. A 1983 NC State ta koci Jim Valvano ta shiga kofin ACC da rashin nasara 10, ta ɗauke shi bayan fitar da North Carolina ta Michael Jordan, sannan da lamba 6 ta kai wasan ƙarshe a Albuquerque. Abokiyar karawarta Houston ce ta Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas. Jifan Dereck Whittenburg ya gaza kaiwa, Lorenzo Charles ya cafke a sama ya zura, aka tashi NC State na da 54, Houston na da 52. Olajuwon ne aka ba kyautar gwarzon gasar duk da an doke su.

Fatan da ya dace da hankali dai shi ne cin wasa ɗaya, idan an yi sa'a a kai zagayen 'yan 16.

Wanda aka bari a waje fa?

Akwai gasar NIT mai ƙungiyoyi 32. Ta girmi ta NCAA da shekara ɗaya, tun 1938 take, kuma akwai lokacin da ta fi ta daraja. Hukumar NCAA ta saye ta a 2005, an kuma daina buga ƙarshenta a Madison Square Garden bayan 2022. A 2024 waɗanda aka bari ne suka haɗu a wasan ƙarshe, Seton Hall ta doke Indiana State 79 da 77 a Indianapolis. NC State ta 2019 ma can ta je, Lipscomb ta fitar da ita 94 da 93 a zagayen 'yan takwas.

Manyan jami'o'i sun fara juya mata baya. North Carolina ta ƙi zuwa a 2023, shekarar da ta fara kaka a matsayi na ɗaya a ƙasa ta ƙare ba gayyata. A 2024 St. John's da Pittsburgh da Oklahoma duk sun ce a kai kasuwa. Ba girman kai ne kaɗai ba: a shekarar, washegarin ranar zaɓe aka buɗe kasuwar sauya sheƙar 'yan wasa, koci kuma ya gwammace ya tsare yaransa ya nemo sababbi. A 2025 gidan talabijin na Fox ya ƙirƙiro wata gasa a Las Vegas, College Basketball Crown, mai ƙungiyoyi 16 da kyautar kuɗi ga 'yan wasa, Nebraska ta ɗauka. A 2008 kuma aka fara wata gasa mai suna CBI, wadda ƙananan jami'o'i suka fi zuwa.

Me ya sa ake ɗaga jijiyar wuya a kan gurbi ɗaya?

Kuɗi da aikin koci. Kusan kowane wasa da ƙungiya ta buga a gasar NCAA yana kawo wa rukuninta kaso ɗaya, wanda ya kai kimanin dala miliyan 2, ana biya cikin shekara shida. Ga ƙaramin rukuni wannan ba ƙaramar dukiya ba ce.

Koci kuwa da Maris ake auna shi, amma Maris ɗaya ba ya riƙe mutum har abada. Kofin ACC ya sa an tsawaita kwantiragin Keatts. Kaka ta gaba, bayan tafiyar Burns da DJ Horne da Diarra, NC State ta ci wasa 12 ta sha kashi 19, ba ta ma shiga cikin 15 da suka je kofin rukuni ba. A watan Maris na 2025 aka sallame shi, ƙasa da shekara guda bayan ya kai huɗun ƙarshe.

Me ya kamata in duba don in san inda ƙungiyata ta tsaya?

Fara da nasarorin aji na ɗaya, musamman na waje. Sannan ka ƙirga sau nawa ta faɗi a aji na uku da na huɗu. Fiye da ɗaya ko biyu matsala ce. Duba ƙarfin jadawalinta na Nuwamba da Disamba. Duba lafiyar 'yan wasa, domin kwamitin yana la'akari da ƙungiyar da za ta fito fili a Maris: raunin Tucker DeVries, ɗan wasan West Virginia, yana cikin hujjojin da aka bayar na barinta a 2025. Masu hasashen jadawali irin su Joe Lunardi na ESPN suna da amfani, sukan dace a kusan duka guraben, sai dai kuskurensu a kan biyu ko ukun ƙarshe yake faɗawa, daidai inda ƙungiyarka take.

Yaushe ake sanar da sunayen?

Ranar wata Lahadi a tsakiyar Maris, bayan an kammala kofunan rukunoni, tashar CBS ke karanto su shiyya-shiyya da ƙarfe 6 na yamma agogon gabashin Amurka, wato 11 na dare a Najeriya da Nijar. Wasannin Dayton suna farawa ranar Talata, zagayen 'yan 64 kuma Alhamis da Juma'a, inda wasan farko ke tashi wajen ƙarfe 5 na yamma agogon Najeriya, na ƙarshe kuma ya kai har gab da asuba.